Ƙungiyarmu Ba Ta Neman Riba, Shin Kuɗin Taronmu Zai Tsira Daga Haraji?

Tambaya: Ni ne ma'ajin wata ƙungiya ta dillalan riɗi da zoɓorodo a Kano, kuma muna da rajista da Hukumar rajistar kamfanoni ta CAC a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba. Mun shirya taron kwana biyu a wani otal don haɗa 'yan kasuwa da manoma da masu fitar da kaya waje. Muna sa ran mutum 400 da kowane zai biya Naira 25,000, za mu ba da hayar rumfa 30 a kan Naira 200,000 kowace, kuma wani kamfani ya yi mana alkawarin Naira miliyan 8. Otal na neman Naira miliyan 14, sauran hidimomi kuma miliyan 5. Masu otal sun ce mu ba da kashi 60 cikin ɗari na kuɗinsu a matsayin kafin alƙalami, ni kuma in rubuta cek da sunana na ragowar. A asusun tallafin mambobi muna da miliyan 9. Shin za a nemi haraji a hannunmu? Kuma idan an samu rara, za mu iya raba wa waɗanda suka yi wahalar aikin?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Zan fara da harajin tun da shi ka sa a gaba, amma ina so ka sani tun yanzu cewa abin da ya fi tayar mini da hankali a cikin wasiƙarka shi ne cek ɗin nan da asusun tallafin nan, domin haraji yanki ne ake yanka daga abin da aka samu, asarar taro kuwa tana iya cinye abin da aka tara shekara da shekaru.

Takardar da CAC ta ba ku shaida ce cewa amintattun ƙungiyarku sun zama jiki ɗaya a idon doka, wanda zai iya mallakar kadara, ya buɗe asusu, ya yi ƙara a kuma yi ƙararsa. An yi wannan rajista ne a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta CAMA, wadda aka sabunta a watan Agusta na 2020, kuma iyakar aikinta ke nan. Yafe haraji yana cikin wata doka dabam, a hannun wata hukuma dabam. Tsohuwar dokar harajin kamfanoni, a sashe na 23, ta yafe haraji a kan abin da ƙungiyoyin addini da na jinƙai masu amfanar jama'a suka samu, amma ta gindaya sharaɗin cewa kada kuɗin ya fito daga wani ciniki ko kasuwanci da ƙungiyar ke yi. Sabbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, kuma suka mayar da hukumar harajin tarayya FIRS ta koma NRS, sun riƙe wannan sharaɗi yadda yake. Ke nan akwai tambayoyi biyu da jami'in haraji zai yi muku. Ta farko, shin aikinku na jinƙai ne ko na ilimi da ke amfanar jama'a, ko kuwa kun haɗu ne don kare kasuwar mambobinku? Ta biyu, wannan kuɗi da ke gabanmu daga ina ya fito?

Tambayar farko tana da ɗan nauyi ga ƙungiya irin taku. Gidauniyar da ke ciyar da marayu ba ta shan wahalar nuna cewa jama'a take yi wa aiki, amma ƙungiyar 'yan kasuwa an kafa ta ne da farko don amfanin waɗanda ke cikinta, saboda haka abin da aka rubuta a manufofin kundin tsarinku yana da muhimmanci ƙwarai. Idan a ciki akwai horar da manoma, da wayar da kan jama'a kan tsaftar kaya da yadda ake adana su, kuma kuna da shaidar cewa kuna yin hakan, to kuna da hujja. Idan kuwa ba komai a ciki sai haɗin kan mambobi da kare farashi, hujjar ta yi rauni. Ka ciro kundin nan daga durowa ka karanta shi tare da akanta kafin a buga takardar gayyata ko ɗaya.

Tambaya ta biyu ita ce ta shafi taron kai-tsaye, kuma a nan dole ne a rarrabe kuɗin gida-gida, domin ba launinsu ɗaya ba. Kuɗin ƙa'ida da mambobi ke biya duk wata, da gudummawar da wani ya bayar don Allah ba tare da ya nemi komai ba, ba ciniki ba ne. Hayar rumfa kuwa ciniki ne a fili: kun ba da wuri, an ba ku kuɗi, kuma wanda ya karɓa ya zo tallata kayansa ne. Kuɗin shiga yana tsakani. Idan mambobi ne kawai ke biyan ɗan abin da zai rufe kuɗin abinci da zaure, ana iya kallonsa a matsayin karo-karo, amma idan an buɗe ƙofa ga duk mai Naira 25,000, aka yi talla a rediyo, aka kuma sa farashin da gangan don a samu rara, to kamanninsa da sana'ar shirya taro ya ƙaru sosai. Kada wani ya ce muku ai rarar za ta koma asusun tallafi, don haka babu haraji. Doka ta fi duba inda kuɗin ya fito a kan inda za shi, kuma kyakkyawar niyyar da za a kashe shi a kanta ba ta canza cewa daga ciniki aka same shi.

Miliyan 8 ɗin kamfanin nan ma tana buƙatar a ba ta sunanta na gaskiya. Idan kamfanin zai ba da kuɗin ne don a sa tambarinsa a allon bayan manyan baƙi, a ba shi rumfa a bakin ƙofa, a kuma ba manajansa minti ashirin ya yi jawabi, to talla ya saya, kuma shi kansa zai fi son a rubuta haka, domin kuɗin talla yana shiga cikin abin da yake cirewa kafin a lissafa harajinsa, alhali gudummawa ba kowace ƙungiya aka amince a cire tata ba. Da zarar an rubuta talla, ku kuma kun zama masu sayar da hidima, kuma maganar harajin VAT ta taso. Wannan haraji kashi 7.5 cikin ɗari ne tun watan Fabrairu na 2020, kuma sabuwar doka ba ta ƙara shi ba. A da duk wanda cinikinsa na shekara bai kai Naira miliyan 25 ba an ɗauke masa karɓarsa, sabuwar doka kuma ta ɗaga wannan iyaka, saboda haka akwai yiwuwar taron wannan girma ya faɗo ƙasa da ita, kuma ko harajin riba ma ya zama babu, ko ya zama kaɗan. Wannan hukunci ne da akanta zai yanke bayan ya haɗa duk cinikin ƙungiyar na shekara, ba na taron kaɗai ba. Abin da ba ya canzawa shi ne, otal zai ɗora muku VAT a kan takardar kuɗinsa ko kuna neman riba ko ba kwa nema. Kashi 7.5 na miliyan 14 ya kama Naira miliyan 1 da 50,000, don haka ka tambaye su a rubuce ko yana cikin farashin da suka faɗa ko a kai za a ɗora.

Akwai wani nauyin da ƙungiyoyi da yawa ba su san yana wuyansu ba sai ranar da takarda ta iso. Ko da an yafe muku harajin riba gaba ɗaya, doka ta mai da ku wakilan gwamnati wajen cire haraji daga kuɗin da kuke biyan wasu. A ƙa'idojin da suka fara aiki a Janairun 2025, ana cire kashi 10 cikin ɗari daga kuɗin haya, kashi 5 kuma daga ladan ƙwararru kamar lauya ko masanin da aka ɗauko ya gabatar da takarda. Abin da aka cire daga kamfani hukumar tarayya ake kai wa, wanda aka cire daga mutum a karan kansa kuwa hukumar harajin jiha, wato KIRS a nan Kano. Idan kuka biya kuɗin cif ba ku cire ba, a hannunku za a nema, tare da tara, kuma a lokacin wanda kuka biya ya daɗe da cinye nasa. Haka nan ƙungiya tana buƙatar lambar haraji, kuma tana miƙa bayanin kuɗinta na shekara cikin wata shida da rufe lissafi, ko da abin biya bai kai sisi ba. Tun 2021 FIRS ta fitar da takardar bayani tana jaddada wa ƙungiyoyi masu zaman kansu waɗannan wajibai.

Maganar rabon rara kuwa amsarta gajera ce: ba za ku iya ba. Sashe na 838 na dokar CAMA ya ce kuɗi da kadarorin ƙungiya a kashe su kan manufofinta kaɗai, kuma ya hana a ba mambobi wani kaso da sunan riba ko garaɓasa. Dokar haraji ma, tun gyaran da aka yi mata a 2020, ta bayyana ƙungiya mai amfanar jama'a da cewa ita ce wadda ba ta raba abin da ta samu ga mambobinta ko waɗanda suka kafa ta. Ranar da kuka raba miliyan ɗaya a tsakanin 'yan kwamiti, kun miƙa wa jami'in haraji hujjar da zai rushe muku yafiyar baki ɗaya, kun kuma buɗe ƙofar sashe na 839, wanda ya ba CAC damar dakatar da amintattu idan aka samu almundahana ko rashin iya riƙo. Abin da doka ta yarda da shi shi ne a mayar wa mutum kuɗin da ya kashe daga aljihunsa idan ya kawo rasit, a kuma biya ladan aiki na gaskiya daidai da abin da za a biya bare. Idan ɗanku ne zai yi aikin ɗab'i ko ƙanenku ne mai motocin ɗaukar baƙi, a kawo farashin wasu a gwada, a rubuta a cikin bayanan zama, shi kuma mai alaƙar ya fita kafin a yanke shawara. Na san mutanen nan za su bar rumfunansu su yi ta zirga-zirga, kuma wahalarsu gaskiya ce, amma a yanke musu kuɗin zama da na mota tun kafin a fara, kowa ya sani, ya fi a jira a ga abin da ya rage sannan a ce a kasafta.

Yanzu mu koma kan lissafin da ka kawo, domin a nan haɗarin yake. A takarda, kuɗin shiga miliyan 10, rumfuna miliyan 6, kamfani miliyan 8, jimla miliyan 24, a cire miliyan 19, saura 5. Ka cire alkawarin kamfanin ka sake dubawa. Ko da zauren ya cika maƙil, an kuma kama rumfa 30 ɗin duka, abin da zai shigo miliyan 16 ne, wato akwai giɓin miliyan 3 tun kafin a yi maganar VAT. Ma'ana, rarar da ake shirin rabawa tana rataye ne a bakin mutum ɗaya da bai sa hannu a kan komai ba, wanda ana iya canza masa wurin aiki, ko hedikwatarsu ta ce kasafin talla na bana ya ƙare. Sannan ka ɗauka rabin mutanen ne suka zo, rabin rumfunan aka kama, kamfanin kuma ya yi shiru: miliyan 8 ke nan a hannu, ana bin ku 19. Giɓin miliyan 11 ya haɗiye asusun tallafin gaba ɗaya, ya bar muku bashin miliyan 2.

Abin da ke sa taro ya fi sayen buhun riɗi haɗari shi ne, riɗin da bai samu kasuwa ba yana nan a sito, ko da faɗuwa za a sayar a rage asara, amma kujerar da ba a zauna ba da abincin mutum 400 da aka dafa wa mutum 200 babu wanda zai saye su washegari. Otal kuma ya san haka, shi ya sa yake rubuta mafi ƙarancin adadin da za a biya ko an zo ko ba a zo ba. Kuma abubuwan da ke hana mutane zuwa ba tatsuniya ba ne a garin nan. A 2020 annobar korona ta sa an hana taruka na tsawon watanni. A farkon 2023 canjin takardun Naira ya sa mai kuɗi a banki ya rasa na mota. Daga 29 ga Mayu na 2023, da aka cire tallafin man fetur, aka kuma saki farashin Naira a watan Yuni, duk lissafin da aka yi wata uku baya ya tashi aiki. A ranar 1 ga Agusta, 2024, an sa dokar hana fita ta awa 24 a Kano sakamakon zanga-zanga. Duk wanda ya ba da kafin alƙalami a irin waɗannan lokuta ba tare da sharaɗin mayarwa ba, sai dai ya yi ta roƙo.

Saboda haka ba zan ba ka shawarar ka rubuta cek ɗin nan ba, ko da shugaba da kansa ya rantse maka cewa kuɗi na tafe. Amfanin rajistar ƙungiya shi ne bashi ya tsaya a kan ƙungiya, kuma cek mai ɗauke da sunanka ya ɗauke wannan kariyar ya ɗora Naira miliyan 5 da 600,000 a kan rumfarka da gidanka. Ƙari a kan haka, dokar 1977 kan cek ɗin da banki ya dawo da shi don babu kuɗi ta mai da shi laifi mai hukuncin ɗaurin shekara biyu. Yarjejeniyar ta kasance da sunan amintattun ƙungiyar yadda yake a takardar CAC, waɗanda kundi ya ba izini su sa hannu a madadinta, bayan an zauna an amince an kuma rubuta. Idan otal ya dage sai mutum ya tsaya a karan kansa, ku nemi wani zauren.

Asusun tallafin kuwa, Alhaji, amana ce a hannunka. Mutane sun zuba kuɗin nan ne saboda ranar da gobara za ta tashi a layinsu, ko mota ta kife da kaya a hanyar Legas, ko a yi rasuwa a bar iyali, kuma duk wanda ya san abin da gobara ta yi wa kasuwar Sabon Gari a 2016 ya san darajar irin wannan ajiya. Miliyan 8 da 400,000 na kafin alƙalami zai kwashe kusan duka. Idan har za a taɓa shi, babban taron mambobi ne zai yarda, bayan an faɗa musu a fili cewa kuɗin na iya tafiya bai dawo ba, a kuma yanke adadin da ba za a wuce ba. A ganina kada ya kai kashi ɗaya bisa uku na abin da ke ciki.

Hanyar da na fi ganin ta dace ita ce ku juya tsarin, kuɗi ya riga alkawari shigowa. Ku buɗe asusu na musamman don taron, mai sa hannun mutum biyu ko uku, kuma kowane kuɗi ya bi ta banki. Dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ma ta hana ƙungiya ko kamfani biya ko karɓar tsabar kuɗin da ya wuce Naira miliyan 10 ba ta banki ba. Ku sa kamfanin ya rubuto abin da zai bayar da abin da yake so a madadinsa, ya kuma biya aƙalla rabi kafin ku sa hannu da otal. Ku fara sayar da rumfuna da tikiti da ɗan rangwame ga wanda ya biya da wuri, domin yawan waɗanda suka biya shi ne ma'aunin gaskiya, ba yawan waɗanda suka ce in Allah ya yarda za su zo ba. Wajen otal, ku kama adadin abinci a kan mutum 200 tare da damar ƙarawa mako guda kafin taro, ku nemi a kasa kafin alƙalamin gida uku, a kuma rubuta ƙarara abin da za a mayar idan hukuma ta hana taro ko aka sa dokar hana fita, da damar ɗage rana ba tare da tara ba. Ɗakunan kwana kowa ya kama nasa a kan farashin da kuka sasanta, ban da na baƙin da kuka gayyato. Sannan ku sa ranar yanke hukunci, misali wata guda kafin taro: idan abin da ke cikin asusu bai kai kuɗin da ba makawa sai an biya ba, a rage taron zuwa yini ɗaya a ƙaramin zaure, ko a ɗage. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wannan shawara tana da sauƙin yankewa idan an amince da ita tun ba a shiga kunyar jama'a ba. Ku kuma duba kalanda da idon 'yan kasuwa, domin taron da ya faɗo tsakiyar kakar riɗi, ko cikin azumi, ko lokacin tashin alhazai, ya rasa mutanensa tun kafin a buɗe shi.

Idan taron bana ya yi kyau har kuka ga zai zama na shekara-shekara, kamar yadda bajekolin da ƙungiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta KACCIMA ke shiryawa a Kano ya zama abin da ake jira, to lokaci ya yi da za ku kafa wani kamfani dabam mallakin ƙungiyar, wanda zai riƙa kama zaure, ya ba da hayar rumfuna, ya sayar da talla, ya biya harajinsa kamar kowane kamfani, sannan ya miƙa wa ƙungiya abin da ya rage. Ta haka asara ko ƙarar otal tana tsayawa a kan jarin da aka sa wa kamfanin, littafin ƙungiya kuma ya zauna babu gaurayen ciniki. Wannan tsari yana da nasa kuɗin rajista da na akanta duk shekara, don haka bai cancanci taro na farko ba. Na bana, abin da nake so ka kai wa kwamiti a zama mai zuwa shi ne kundin tsarinku, da takardar otal mai nuna ko VAT na ciki, da lissafin nan na rabin mahalarta, sannan ka shaida musu cewa ba za a fitar da kobo daga asusun tallafi ba sai wasiƙar kamfanin da rabin kuɗinsa sun iso.